Siriri ne amma hantarsa da kitse: injin gudu zai saya ko takalmi?

Tambayoyin wannan makon a kan hanta suka fi yawa, sai na zaɓo uku na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, shekarata 43. Na je hoton ciki saboda wani ciwo daban, sai likita ya ce akwai kitse a hantata, in riƙa motsa jiki. Ni kuwa siriri ne, har tsiya abokaina suke mini wai iska za ta ɗauke ni, kuma ban taɓa kai giya bakina ba. An nuna mini injin gudu ɗan kwatano. In saya, ko in yi rajista a gidan motsa jiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna.

Ramewa ba ta hana hanta yin kitse. Likitoci kan ce hanta ta yi kitse idan ya wuce kashi 5 cikin 100, kuma kusan mutum 3 cikin kowane 10 na manya a duniya suna da wannan matsala. Masu jiki sun fi yawa a ciki, amma sirara ma ba kaɗan ba ne. Sikeli nauyi kawai yake faɗa maka, ba ya faɗin inda kitsen ya kwanta. Wani nasa a ƙarƙashin fata yake taruwa, kowa ya gani. Wani kuwa a cikin ciki yake, kewaye da hanji, kuma jinin da ke tasowa daga wajen hanta yake fara faɗawa. Duba layinku a kasuwa: mutum nawa ne masu siraran hannuwa da ƙafafu, da ɗan tumbi wanda babbar riga ta rufa wa asiri? Ari tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai cibiya. Kada ya kai rabin tsayinka: mai tsayin santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Akwai kuma gado a ciki, domin tun 2008 masu bincike a Dallas ta Amurka suka gano wani ƙwayar halitta, PNPLA3, da ke sa hantar wasu ta riƙe kitse ko ba su da ƙiba.

Sai suga. Shayin safe da madara da suga cokali huɗu, biredin Agege a gefe, lemon kwalba mai sanyi bayan Azahar. Kwalba ɗaya mai 50cl tana ɗauke da suga wajen giram 50, wanda shi ne kusan iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum a yini guda. Rabin irin wannan suga hanta ce ke sarrafa shi, kuma idan ya yi mata yawa kitse take mayar da shi.

Kuɗinka na farko gwaji ya kamata ya ci. Hoton ciki ba ya nuna ciwon hanta nau'in B, alhali binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Najeriya suna ɗauke da shi. A gwada ka B da C, a duba sugan jini da kitsen jini, a yi gwajin jini na lafiyar hanta, wato ALT da AST, da adadin ƙwayoyin daskarar da jini. Da waɗannan da shekarunka likita zai lissafa abin da ake kira FIB-4, ya gane ko hantar ta fara tabo. Tabon shi ne abin tsoro, ba kitsen kaɗai ba. Idan ana buƙatar ƙwararren likitan hanta, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja.

Yanzu ga motsa jikin. Abin da ake so shi ne irin wanda ke sa bugun zuciya da numfashi su ƙaru na ɗan lokaci mai tsawo: tafiya da sauri, sassarfa, keke, ninƙaya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 minti 150 zuwa 300 ne a mako, wato aƙalla minti 30 sau biyar. Tsoka idan tana aiki tana zuƙe suga daga jini, tana ƙona kitse, sai abin da ke komawa hanta ya ragu, jiki kuma ya fi jin insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini. Abin da ya fi shafar sirara irinka shi ne, kitsen hanta yana raguwa da wannan ko da allurar sikeli ba ta gusa ba. Yadda za ka gane ka kai gejin: kana iya amsa gaisuwa, amma dogon zance sai ka tsaya ka ja numfashi. Kada ka ce ai kullum kana kasuwa. 'Yan dako ne ke motsa jiki a Mile 12, dillali yana kan benci da waya a kunne.

Hanta ba ruwanta da ko a kan inji ka yi tafiyar ko a bakin titi. Inji kuwa wuta yake ci, kuma a Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, kuɗi zuwa sama da naira 200 a kan kowane yunit. Ƙaramin janareta da ƙyar ya ja shi. 'Yan kwatano da yawa daga Amurka suke, wutarsu volt 110 ce, tamu 230, sai ka ƙara kuɗin taransifoma, kuma ranar da bel ko allon wutarsa ya lalace za ka sha yawon neman mai gyara. Yawancin waɗanda na gani a gidajen mutane sun koma wurin rataye kaya. Gidan motsa jiki yana da amfani idan da ƙafa za ka isa. In har sai ka shiga gosulon titin Ikorodu kafin ka je, ba za ka ɗore ba, don haka kada ka biya kuɗin shekara, gwada wata guda.

Shawarata ka sayi takalmin kambas mai taushin ƙasa. Gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa a gaba. Fita da an sallame Asuba, kafin rana da hayaƙin danfo su tashi. Ranar da safiya ta ƙwace maka, sauka daga BRT tasha ɗaya kafin taka, ka hau gadar masu ƙafa maimakon tsallaka titi. Idan ka yi wata uku ba fashi, sannan ruwan Yuni da Yuli ya fara tsare ka a gida, to ka cancanci inji, kuma keken motsa jiki na tsaye zan ce ka saya, wanda ba ya buƙatar wuta. In kana da hawan jini, ko ƙirji na maka zafi idan ka yi sauri, likita ya fara duba ka.

Tambaya: Malam, ni tela ce a Agege, ni ma haka aka ce mini kuma ba ni da jiki. Wata a WhatsApp tana tallar ƙwayoyin wankin hanta, ta ce har da lambar NAFDAC. Fita yawo kuma yana mini wuya.

Amsa: Hajiya, kada ki saya. Ba a wanke hanta, ita ce ma ke tace abin da kika haɗiya, kuma magungunan gargajiya da ƙwayoyin ƙarin lafiya suna cikin sanannun abubuwan da ke ji mata rauni, har da ƙwayoyin koren shayi masu ƙarfi da ake sayarwa don rage tumbi. Agbo, jiƙon gargajiya da ake yawo da shi a robobi, ma haka, ba ki san me aka jiƙa ba, ba ki san adadinsa ba. Batun lamba kuma, juya kwalin ki karanta ƙananan rubutun. A kan irin waɗannan za ki tarar an rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Sai a Maris ɗin 2024 Amurka ta amince da magani na farko na wannan cuta, Rezdiffra, shi ma ga waɗanda hantarsu ta riga ta yi tabo, da takardar likita, kuma tare da gyaran abinci da motsa jiki.

Taka keken ɗinki ba ya cikin lissafi, kada ki ce ban faɗa ba. Amma ba dole ne minti 30 ɗin su zo a haɗe ba. Minti 10 na hawa da saukar matakalar bene, minti 10 na raka yara Islamiyya da sauri, minti 10 da igiyar tsalle a tsakar gida idan gwiwa lafiya lau. In kin samu maƙwabciya ku riƙa zagaya unguwa da sassafe, ya fi ɗorewa.

Tambaya: Yaya, ni mai gadi ne a Ikoyi, shekarata 29, nauyina kilo 60, ni ma an ce hantata ta yi kitse. Ina tsoron gudu ya ƙarasa ramar da ni. Ba gara in sayi ƙarfen ɗagawa da agogon ƙirga taku ba?

Amsa: Ƙanena, ba a ce ka zube ba. Wani bincike da aka yi a Hong Kong, aka wallafa a 2018, ya nuna rabin marasa ƙiba sun rabu da kitsen hanta da rage kashi 3 zuwa 5 kacal na nauyinsu. A wajenka kilo 2 zuwa 3 ke nan, kuma daga ciki ake so su fita. Ɗaga ƙarfe kwana biyu a mako yana da kyau, yana gina tsokar da za ta riƙa cinye suga, amma ƙari ne a kan tafiyar, ba madadinta ba. Ci wake, ƙwai, kifi da awara. Gyaɗa ma, sai dai ka guji mai fumfuna, gubarta hanta take nufa. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, domin wasunsu da kansu suke tara wa hanta kitse.

Agogon ba ka buƙatarsa, wayarka tana ƙirga taku. Gadar Lekki zuwa Ikoyi tana kusa da kai, tsawonta ya ɗan haura kilomita 1.3. Ka je ƙarshenta ka dawo da sauri bayan ka sauka daga aiki, minti 30 ɗinka na ranar sun kusa cika.