Tambaya da Amsa: Kamfanin intanet ya ce ya shirya wa IPv6, ya zan gane gaskiya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon waya a Kano, na sa kamarori huɗu amma kallonsu daga gida ya gagara, sai dai ta manhajar masu kamarar wadda kullum cikin yankewa take. Yaron da ya haɗa min ya ce wai matsalar adireshi ce, in nemi kamfani mai IPv6. Na kira kamfanin da nake biya suka ce ai su tuntuni suka shirya, to ni dai ban gani a ƙasa ba. Dan Allah ya ake bincika wannan abu?
Mai karatu daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron nan naka ya san aikinsa. Duk na'urar da ta hau intanet sai da adireshi, kuma tsohon tsarin wato IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 kaɗai gare shi, babban rumbun duniya ya ƙare tun watan Fabrairun 2011, ita ma AFRINIC da ke Morishiyos mai raba wa Afirka tun 2017 ta fara tsimin ragowar nata. Shi ne kamfanoni suka koma dabarar da ake kira CGNAT, su tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ɗaki ɗari da lamba ɗaya a zaure, kai ka fita ka dawo ba matsala amma baƙon da ya zo nemanka bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Wayarka a gida ita ce baƙon. Sabon tsarin wato IPv6 kuwa adireshinsa na da yawan da kowace na'ura za ta samu nata, sai baƙon ya san ƙofar da zai nufa. Ka buɗe shafin rawutarka, wato akwatin da ke raba wayfay a shagon, ka duba adireshin da kamfani ya ba ta, in ya fara da lamba tsakanin 100.64 da 100.127 to kana cikin gidan hayar nan.

Maganar “mun shirya” kuwa, wallahi ita ce ke ɓata min rai, domin hawa uku ce kuma kowa na iya tsayawa a na farko ya ce ya gama. Karɓo kason adireshi daga AFRINIC daban, shelanta shi ga sauran kamfanonin duniya daban, sannan kawo shi har cikin shagonka shi ma daban, kuma wannan na ukun kaɗai ne ya shafe ka. Na biyun ana iya dubawa a bgp.he.net, ka rubuta sunan kamfanin ka ga ko yana shelar IPv6. Na ukun ma ya fi sauƙi, ka kashe datar wayarka ka hau wayfay ɗin shago ka shiga test-ipv6.com, zai ba ka maki cikin 10 ya kuma nuna maka adireshin. Na gaske dogo ne mai haɗe da haruffa, a Afirka yawanci da 2c0f yake farawa. In wanda ka gani a saitin waya da fe80 ya fara kar ka yi murna, wannan na cikin gida ne, na'ura ce ke ƙirƙira wa kanta ko da kamfani bai ba da komai ba.

Amma kafin ka ɗora musu laifi ka duba naka ɓangaren, tsohuwar rawuta ko wadda aka kashe wa IPv6 a saiti za ta sa ka ci sifili alhali kamfani na bayarwa. A layin waya kuma ka shiga saitin APN, wato saitin da layin ke hawa intanet da shi, ka mayar da shi IPv4/IPv6.

In ka koma wajensu kar ka tsaya da mai talla, ka ce a haɗa ka da injiniya, ka tambaye shi wane kason adireshi suke ba kwastoma, /64 ne ko /56 (lambobin da ke nuna girman kason), kuma tsayayye ne ko yana canzawa duk sanda rawuta ta mutu ta tashi, wanda da yanayin wutarmu ka san sau nawa kenan a rana. Kamara tana son tsayayye. Ka ce su rubuta maka amsar a takarda kafin ka sabunta biya.

IPv6 ɗin ba sabo ba ne fa, tun 1998 aka fitar da tsarin, aka ƙaddamar da shi a duniya ranar 6 ga Yunin 2012, yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na masu shiga Google ta kansa suke shiga, Indiya ma ta haura rabi bayan zuwan kamfanin sadarwa na Jio a 2016. Don haka ba alfarma kake roƙo ba.

Sai dai ka sani, dole layin gida ma ya zama yana da IPv6, akwatin da ke naɗar hoton kamarorin shi ma haka. Kuma ranar da ya fara aiki, dan Allah ka canza kalmar sirrin da kamarorin suka zo da ita, ka sa yaron ya saita katangar tsaron rawuta ta buɗe ƙofar kamara kaɗai. Ka yi gwajin a shago da gida ka turo mana makin da ka samu, sai mu ɗora daga nan.