Fom 8379 da aka haɗa ba bisa buƙata ba

Tambaya: Ina da shagon atamfa da shadda a Bronx, cikin birnin New York na Amurka. Ni da maiɗakina mun shigar da harajin bara a haɗe, ta intanet. Ƙaninta ne ya cike mana, ya haɗa da Fom 8379, wai yana sa kuɗi su fito da wuri. Babu wanda ake bi bashi a cikinmu. Yau sati bakwai rarar harajin da za a mayar mana, dala 3,400, ba ta shigo ba, ga kaya na jira. In aika 1040-X in janye fom ɗin?

Amsa: Alhaji, kada ka aika. Fom 1040-X na gyaran lissafi ne, kai kuwa matsalar wannan fom ba ta lissafi ba ce. In ka tura shi, ka buɗe sabon layi ke nan da zai iya cin sati 16.

Fom 8379 an yi shi ne don ma'auratan da ake bin ɗayansu tsohon bashi, kamar kuɗin ciyar da yara, bashin karatu na gwamnatin tarayya, ko harajin jiha. Gwamnati kan kama rarar da suka samu tare ta biya bashin, shi kuma wanda ba ruwansa sai ya cike wannan fom ya ceci kasonsa. Ba ya sa kuɗi sauri, jan ƙafa ma yake kawowa. Takardar da aka shigar ta intanet yawanci tana fita cikin kwana 21, amma da 8379 a jikinta IRS, hukumar harajin Amurka, na ɗaukar kusan sati 11, ta gidan waya kuma sati 14. Kana sati na bakwai, saura kamar huɗu. Ba tara, ba laifi.

Kafin ka ce babu bashi, ku buga 800-304-3107, lambar ofishin baitulmali da ke kama irin waɗannan kuɗi. Kai da lambarka ta Social Security, Hajiya da tata. Bashin karatu na shekara goma baya kan ɓuya har mai shi ya manta. Sannan ka duba fom ɗin: akwai akwatin da ake yi wa alama in ana so kuɗin su fito da sunan mutum biyu. In ba a yi ba, ana iya raba su gida biyu, don haka kada hankalinka ya tashi in ka ga rabi.

Amma ba fom ɗin ne ya dame ni ba. Ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, don mai cikewar na gida ne. A shigarwar haɗin gwiwa, duk kuskuren da ke ciki IRS na iya bin kowannenku da shi gaba ɗaya, ba yaron ba. Wanda bai san amfanin 8379 ba, me ya rubuta maka a Schedule C, inda cinikin shago da kashe-kashensa suke? Irin waɗannan masu cikewa sukan ƙara kuɗin mota ko haya da babu rasit don rarar ta yi kauri, bayan shekara biyu wasiƙa ta iso, mai shago ya biya har da kuɗin ruwa. Kuma ka daina ƙulla odar kaya a kan rarar haraji, ba jari ba ce.

Karɓi kwafin duka takardun yau. Duba shafi na biyu na 1040, babbar takardar harajin: in ka biya shi ladan aiki, dole a ga sa hannunsa da lambarsa ta PTIN, wato lambar rajistar masu cike haraji, a ƙasa. Duba lambar asusun da za a zuba kuɗin, ka tabbata taka ce. In sati 11 ya wuce shiru, kira IRS a 800-829-1040 da takardun a gabanka.