Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan allurar tsinka jini bayan tiyatar rage teɓa

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce za a yi miki tiyatar rage teɓa bayan haihuwa huɗu, likita ya rubuta miki allurar Clexane mai hana jini daskarewa, ƙawarki kuma ta ce ki bar ta domin ita ba a yi mata ba kuma lafiyarta ƙalau. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin 'yan tiyata, kuma don Allah kar ki auna jikinki da nata.

Cikin ayyukan gyaran jiki, wannan na sahun gaba wajen haddasa daskarewar jini. Ana ɗinke naman ciki a tsuke shi, a ɗaura miki ɗamara, ki riƙa tafiya a duƙe, ga doguwar kwanciya cikin maganin barci. Duk wannan yana rage gudun jinin da ke dawowa daga ƙafafu. Idan gudan jini ya daskare a jijiyar sha-raɓa ya ɓalle, huhu yake nufa, kuma yana iya kisa nan take. Na ga mace da ɗinkinta ya yi kyau, an sallame ta, aka dawo da ita tana haki. Allah ya sa an kawo ta da wuri.

Sai dai ba kowa ake yi wa allurar ba, shi ya sa wataƙila ƙawarki gaskiya ta faɗa game da kanta. Likitoci suna da ma'aunin Caprini, inda ake ba da maki kan shekaru, ƙiba, tsawon aikin, da ko ke ko wani a danginku ya taɓa samun daskarewar jini. Ki tambaye shi makinki nawa. Ki kuma faɗa masa komai: ɓarin ciki a kai a kai, sikila, ciwon ƙoda, shisha, da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin, waɗanda aka saba dakatarwa mako 4 kafin aiki. Matanmu da yawa suna ɓoye na ƙarshen nan don kunya, abin yana damuna ƙwarai.

Yawanci Clexane miligiram 40 ce sau ɗaya a rana, a ƙarƙashin fata, tsawon kwana 7 zuwa 10, mai haɗari sosai kuma har mako 4. Tunda cikin ne aka yanka, a cinya muke yin ta. Tsoron da ake yi na zubar jini saboda allurar yana da tushe, jini kan iya taruwa a ƙarƙashin ɗinki. Saboda haka likita ne zai sa lokacin farawa, kuma kar ki haɗa ta da asfirin, ibuprofen ko diclofenac. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da 'yan dubiya za su kawo miki da sunan gyaran jiki, ki ajiye su sai kin gama.

Akwai abin da ba a cika faɗa mana ba: daga hanjin alade ake samo sinadarin Clexane. Malamai da dama sun halatta irinsa don lalura, amma idan ranki bai kwanta ba, ki yi maganar tun kafin ranar aiki. Akwai allurar fondaparinux da ƙwayoyi irin su Xarelto da Eliquis, waɗanda ba daga dabba aka samo sinadarinsu ba. Likita zai duba wanda ya dace da ke. Abin da ba na so shi ne ki karɓa ki jefa a jaka ki yi shiru.

Allura kuma ba ta maye gurbin tafiya. Ki tashi ki taka tun daren farko ko washegari, ko da a duƙe ne, da mai riƙe ki. Ki sa safar matse ƙafa, ki sha ruwa sosai, ki ɗage azumin nafila.

Kin ce a Turkiyya za a yi. Kar ki yanki tikitin dawowa sai likitan ya faɗi ranar da za ki iya hawa jirgi, domin zaman da ya wuce awa 4 shi kansa haɗari ne. Ki kuma nemi likitan da zai ci gaba da duba ki a gida tun kafin ki tafi.

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo ko zafi, kar a matsa ta, kar a gasa, a tafi asibiti a ranar. Idan kuwa numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya soke ki, ko kika yi tari da jini, to sashen gaggawa ne ko da tsakar dare, ki kuma gaya musu an yi miki tiyata da sunan maganin da kike kai. Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba ki lafiya.