Ɗaurin kan wayar kwamfuta: amsa ga ɗana mai koyon gyara

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kowa a gida yana lafiya. Ka ce maigidanka a shago ya yi maka faɗa har sau biyu a rana ɗaya. Da safe ka soka wayar allo ba ka ɗaure notinta ba, ya ce ba a yin haka. Da yamma ka ɗaure ta da filaya tamau, ya ce wannan ma ba a yi. Shi ne kake tambaya ko wannan al'ada ta ɗaure kan waya tana da tushe, ko kuwa tsofaffin masu gyara ne suka gaje ta suke ɗora wa yara. Tana da tushe, kuma a duka biyun maigidanka ne da gaskiya.

Ka fara gane aikin maɗaurin. Alluran da ke cikin kan waya an yi su ne don wuta da saƙo su bi, ba don ɗaukar nauyi ba. Ramin da ake soka wayar kuma dalma ce ta riƙe shi a jikin fanel, wato farantin cikin na'ura da kayan lantarki ke manne a kansa. Duk lokacin da waya ta rataya, ko ƙafa ta ja ta, ko teburi ya girgiza, dole wani abu ya ɗauki wannan nauyi. In akwai noti ko ƙugiya, su za su ɗauka su miƙa wa ƙarfen akwatin. In babu, allurai da dalma ne za su sha, kuma dalma ba ta tsagewa rana ɗaya. A hankali take yi, sai bayan watanni mai kaya ya dawo ya ce allo yana ɗaukewa in an taɓa teburi.

Wayar allo mai shuɗin kai da ka yi magana a kanta, wato VGA, daga wani tsohon gida ta fito. Kamfanin Cannon na Amurka ne ya fito da irin wannan kai mai siffar harafin D a 1952, IBM kuma ya ɗauki mai allurai 15 ya yi wa allo da shi a 1987. Allura ta 1 ja take ɗauka, ta 2 kore, ta 3 shuɗi, ta 13 da ta 14 su ke daidaita hoton kada ya yi rawa. To in kan ya karkace gefe ɗaya don ba a ɗaure ba, allura ɗaya tana iya saki sauran suna aiki. Idan ta 3 ce ta saki sai farin allo ya koma rawaya, idan ta 2 ce sai ya koma ruwan hoda mai duhu. Yaron da bai san wannan ba sai ya ce allo ya lalace, alhali juyi uku na noti ne maganin.

Yadda ake yi: ka dubi faɗin bakin ramin ka daidaita, ka tura kan a miƙe har ya zauna, sannan ka taɓa noti. Kada ka yi amfani da noti wajen jawo kan ciki. Ka juya na dama sau biyu, ka juya na hagu sau biyu, ka riƙa musanyawa har su tsaya. In ka ƙare ɗaya kafin ka fara ɗayan, kan zai zauna a karkace. Da yatsu kawai ake yi, shi ya sa aka yi wa notin kauri da zane-zane inda yatsa zai kama. Da zarar ya daina juyawa da ƙarfin yatsu biyu, ya isa.

Yanzu ga abin da filaya take jawowa. Notin wayar ba cikin akwati yake shiga ba, cikin wani ɗan gindi mai kusurwa shida yake shiga, shi kuma gindin shi ne ya manne ramin da ƙarfen bayan kwamfuta. In ka matse fiye da kima, ranar kwancewa gindin zai biyo wayar ya fito. Mutane da yawa suna barinsa haka, kuma daga nan ramin ya zama maraya, dalma kaɗai ke riƙe da shi. In ka ga haka, ka riƙe gindin da filaya, ka kwance notin wayar daga cikinsa, ka mayar da shi mazauninsa. Faɗinsa kashi 3 cikin 16 na inci ne, ƙaramin sifana mai rami na milimita 5 yana kama shi. Shi ne ake matsewa fiye da notin wayar kaɗan, kuma ɗigo ɗaya na gam ɗin kulle tiredi, wato zagayayyen zanen jikin noti, a ƙasansa yana hana shi sake biyowa.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi daga gwangwanin notuna. Tiredin waɗannan gindaye na Amurka ne, ana ce masa 4-40, wato zagaye 40 a kowane inci. A cikin gwangwanin kuma akwai wani noti da ake kira M3 mai milimita 3, wanda ido ba ya bambanta su sosai. M3 zai shiga juyi ɗaya ko biyu ya cije, in ka tilasta shi ya cinye tiredin. Noti in ya cije tun farko, ka koma baya ka duba, kada ka ƙara ƙarfi. Wayar allo ta DVI mai farin kai, wadda ta fito a 1999, ita ma 4-40 ce, hukuncinsu ɗaya.

Tsofaffin firinta masu faffaɗan kai na allurai 36 ba noti gare su ba, zoben waya biyu ne a gefe da ake tanƙwarowa su faɗa cikin tsagar kan. Wayar kyamarar tsaro mai kan BNC kuwa turawa ake yi a murɗa kwata har ta zauna. In ka gamu da su za ka gane da kanka.

Wanda ya fi buƙatar ka natsu shi ne ɗan harshen roba na wayar sadarwa, RJ45. Kai ne mai allurai 8, kuma babu abin da ke riƙe shi a rami sai wannan siririn harshe. Ƙarar ƙas ɗin da kake ji in ka soka, kafaɗar harshen ce ta faɗa bayan wani ɗan tudu a cikin ramin. In ba ka ji ta ba, ka ja kaɗan ka gani, wayar da ta kulle ba ta biyo hannu. Harshen yana karyewa ta hanya biyu. Ko dai a jawo wayar baya ta cikin tarin wayoyi ya maƙale kamar ƙugiyar kifi, ko kuma roba ta bushe saboda zafi da tsufa, abin da ke saurin faruwa a ɗakunanmu masu rufin kwano. Maganin na farko shi ne hular roba mai rufe bakin harshen, kuma ana zura ta a waya kafin a matse kai, ba bayan an matse ba. In za ka jawo waya marar hula ta cikin bututu, ka naɗe harshen da salatif tukuna.

Abin da ya sa karyayyen harshe ya fi mugunta shi ne wayar ba ta mutuwa gaba ɗaya. Gudun saƙo na megabit 100 allurai huɗu yake amfani da su, ta 1, 2, 3 da 6, gudun gigabit kuwa, wanda ya ninka shi sau goma, sai duka takwas. In kan ya zame kaɗan, sai haɗin ya sauko daga gigabit zuwa 100, ko ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, a yi ta zargin masu ba da intanet. Ka yi tunanin ɗakin rubuta jarrabawa ta kwamfuta, inda ɗalibi ɗaya zai rasa mintuna saboda gwiwarsa ta taɓa waya. Don haka ba na goyon bayan cusa tsinken ashana ko ninkakkiyar takarda a rami don waya ta tsaya. Yana lanƙwasa wayoyin sifirin da ke cikin ramin, ka ga an bar gyaran kai mai araha an koma gyaran rami. A yanke kan a sa sabo: ka fere rigar wayar kamar santimita 3, ka warware ƙananan wayoyin ciki masu launuka ka jera su yadda ɗaya bakin yake, ka datse su daidai a bar abin da bai wuce milimita 13 ba a warware, ka tura har ka hango jan ƙarfen kowace a ƙarshen kan. Rigar wayar dole ta shiga ciki, domin filayar matsewa tana danna wani ɗan tudun roba a kanta, kuma shi ne ke ɗaukar ja. Kan da ka ga launuka a waje bayansa, ba a gama shi ba.

Sai sababbin wayoyin allo biyu da suke kama da juna. HDMI mai allurai 19, irin wadda aka saba gani, ba ta da makulli, matsewar bakin ƙarfe ce kawai ke riƙe ta. In wayar mai kauri ce kuma tana rataye, ka ɗaure ta da igiyar roba a ƙafar allo ko jikin teburi, kamar taƙi ɗaya daga kan, ka bar mata ɗan sassauci tsakanin ɗaurin da ramin. DisplayPort kuwa, mai allurai 20 da kusurwa ɗaya a datse, yawancin wayoyinta suna da ƙananan ƙugiyoyi biyu a kan ƙarfen da maɓalli a jikin robar. Sai ka danna maɓallin ƙugiyoyin su kwanta sannan ta fito. Yaro ya miƙa hannu bayan allo, ya ɗauka HDMI ce, ya fizga, ramin ya tsinko daga fanel. Daga nan al'adar da ta fi kowacce muhimmanci a wannan sana'a ta fito: waya in ta ƙi fitowa, ba ƙarfi take nema ba, akwai abin da ke riƙe ta. Ka haska da fitilar wayarka ta hannu, ko ka laluba da yatsa ka nemi maɓalli, noti ko harshe. Kuma kai ake kamawa, ba a jan jela.

A cikin akwati ma haka ne. Wayar SATA mai allurai 7 wadda ke zuwa ma'ajiyar bayanai tana da iri mai ɗan ƙarfen dannawa, ka fifita shi a kwamfutar da ake yawan ɗauka ko take kusa da girgizar janareta. Babbar wayar wuta mai allurai 24 tana da ƙugiya a gefe, ka danna bayanta, ka ɗan girgiza kan a tsawonsa yayin da ɗaya hannun ke danne fanel. A nan sakaci yana iya kai wa ga ƙonewa. Kan wuta mai allurai 16 na manyan katunan hoto, wato katunan da ke sarrafa hoton da ke fita a allo, an yi shi ya ɗauki wat 600, wato amfiya 50 a kan bolt 12. A 2022 an samu waɗanda suka narke a katin RTX 4090, kuma kamfanin Nvidia mai katin ya ce abin da ya fi gani a bincikensa shi ne ba a tura kan ya shige duka ba. In taɓawar allura ta ragu, wutar tana matsewa ta ƙaramin wuri, wurin ya yi zafi, roba ta narke. Ka tura har ƙugiya ta kama, ka duba da ido kada a ga rata ko kaɗan, kuma kada ka lanƙwasa wayar dab da kan.

Siraran wayoyi masu faɗi na cikin kwamfutar cinya, na madannai da makamantansu, suna da ɗan murfi da ake ɗagawa da farce ko tsinken roba. Ka cire batir tukuna. In murfin a ɗage yake, wayar tana zamewa ba tare da ƙarfi ba, in ya karye kuwa samun madadinsa wahala ne.

Amma kada ka ɗauka kowace waya a kowane wuri kullewa take so. Inda waya ta ratsa hanyar mutane, kamar ta majigi a aji ko ɗakin taro, noti yana sa in ƙafa ta harɗe ta, na'urar ce za ta faɗo ƙasa maimakon wayar ta fita. Wannan tunanin ne ya sa Apple ya fito da kan caji mai maganaɗisu a 2006, wanda ke saki da kansa in an ja. A irin wannan wuri gyaran yana ga hanyar wayar: ka bi da ita gefen bango, ko ka manne ta a ƙasa da faffaɗan salatif, ka ɗaure ta a ƙafar teburi don ja ya tsaya a nan, sannan ka ɗaure notin. In ba halin yin haka, gara ka bar shi a kwance.

Da hunturu ka ƙara abu ɗaya: ƙura tana cika ramukan da ba a amfani da su, ta hana kai zama har ƙarshe, sai harshe ya ƙi yin ƙas ko da lafiyarsa ƙalau. Ka kashe wuta, ka hure ramin da abin hura iska ko ka share da busasshen buroshi mai laushi, kada ka sa allura ko wani ƙarfe. Ka gaishe mini da maigidan naka da mahaifiyarka.