Outlook na ta neman kalmar sirri alhali daidai take

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana ƙoƙarin saka Gmail ɗinka a Outlook 2013 a laftof ɗin da ka saya na hannu, akwatin kalmar sirri yana ta faɗowa, ka rubuta ya sake dawowa, alhali da ita kake shiga ta Chrome ba gardama, har ka kai ga canza ta. Don Allah bar canzawar nan haka. Tunda burauza ta karɓa, kalmar lafiyarta ƙalau. Hanyar da Outlook ɗinka ke bi ya miƙa ta ce Google ya toshe.

A da, manhajar imel takan ɗauki adireshinka da kalmar sirrinka ta miƙa wa saba, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe wasiƙunka, kai tsaye, a buɗe mata. Daga 30 ga Mayun 2022 Google ya daina karɓar wannan a asusun Gmail na gama-gari. Yanzu so yake manhajar ta buɗe maka shafin Google na ainihi, ka shiga a can, ka danna amincewa, sannan a ba ta izini. Tsarin nan shi ake kira OAuth2, kuma Outlook 2010 da 2013 ba su san shi ba, an yi su kafin a wajabta shi. Abin haushin, manhajar ba za ta fito ta ce ita ce ta tsufa ba, sai ta yi ta nuna kamar kai ne ka manta. Ina gyaran kwamfutocin ƙananan ofisoshi da makarantu, kuma mafi yawan waɗanda ke kawo mini wannan kukan, nan gizo ke saƙar.

Mafita biyu ce. Idan dole sai wannan Outlook ɗin, shiga asusunka na Google ta burauza, je sashen Security, kunna 2-Step Verification, wato matakin tabbatarwa na biyu bayan kalmar sirri. Bayan nan buɗe myaccount.google.com/apppasswords, ba shi kowane suna, zai fitar maka da haruffa 16. Su za ka saka a Outlook a madadin kalmar sirrinka. Kamar safayar makulli ce da ka yanka wa mutum ɗaya, ranar da ka ga dama ka soke ta ba tare da ka taɓa naka ba. Sau ɗaya ake nuna maka haruffan, saboda haka kwafe su nan take. Kuma ka sani duk ranar da ka sake canza babbar kalmar sirrinka, Google zai kashe waɗannan haruffan, sai ka ciro sababbi. Mutane da yawa a nan suke faɗawa: abu ya yi aiki wata da watanni, su canza kalmar sirri a waya, washegari Outlook ya dawo da halinsa su rasa dalili. Idan shafin ya ce babu wannan zaɓin a asusunka, galibi ko ba ka kunna matakin tabbatarwa na biyun ba, ko kuma imel ɗin na makaranta ne ko wurin aiki, mai kula da shi ya rufe.

Saitin da za ka cika da hannu a Outlook: nau'in asusu IMAP (hanyar da manhaja ke ɗauko wasiƙu daga saba), sabar shigowa imap.gmail.com, fot (lambar ƙofar saba) 993, tsarin tsaro SSL. Sabar fita smtp.gmail.com, fot 465 da SSL, ko 587 da TLS. A gurbin sunan mai amfani rubuta cikakken adireshin har da @gmail.com. Sannan ka shiga More Settings, a Outgoing Server ka yi alama a layin da ke cewa sabar fita na buƙatar tantancewa. Wanda ya tsallake wannan zai ga wasiƙu na shigowa amma nasa sun maƙale a Outbox. Kada ka ɓata lokaci neman maɓallin kunna IMAP a Gmail kamar yadda tsofaffin bidiyoyin YouTube ke nunawa, tun Janairun 2025 aka cire shi, a kunne yake kullum.

Ni dai da za ka ji shawarata, mafita ta biyu ta fi: sauke Thunderbird, wata manhajar imel irin Outlook. Kyauta ne, ba ruwanka da Office ɗin da aka fasa a kasuwa, kuma da ka rubuta adireshin zai nemo saitin da kansa ya buɗe maka shafin Google. Microsoft ma ya daina tallafa wa Office 2013 tun Afrilun 2023, babu wani gyaran tsaro da ke zuwa masa. A Thunderbird abu ɗaya ne ke yawan ba da wahala: idan shafin shigar ya fito fari fat ko ya yi ta juyawa, je Settings, Privacy & Security, ka tabbata an yarda da kukis (cookies), ƙananan bayanan da shafin intanet ke ajiyewa a kwamfutarka. Idan kuma tsohon asusu ne da ya daina aiki, duba Server Settings ka mayar da hanyar tantancewa zuwa OAuth2, ka yi haka a sabar fita ma.

Tunda ka ce laftof ɗin na hannu ne, kafin komai kalli agogon da ke ƙasan allo. Akwai ƙaramin batir a cikin kwamfutar da ke riƙe kwanan wata, idan ya mutu sai kwamfutar ta tashi a wata shekara can baya. Takardar shaidar tsaro ta saba tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, to in kwamfutarka na ganin yau 2012 ce, za ta ɗauki takardar a matsayin ta bogi ta ƙi haɗawa. Gyara rana, lokaci da yankin lokaci, sannan a canza batirin, ba shi da tsada. Haka kuma madannan: na Ingila da na Amurka sun sha bamban a wurin alamar @, 'yan'uwanmu na Nijar masu madannan Faransanci kuwa har A da Q sun yi musaya. Rubuta kalmar a Notepad ka gani da idonka kafin ka zargi kowa.

Lambar kuskuren ma tana magana. 0x800CCC92 na nufin ka isa sabar amma ta ƙi shigarka, wato batun kalmar sirri ne ko izini. 0x800CCC0E kuwa ba ka ma isa ba, sai ka duba sunan sabar, fot, intanet ɗin, ko manhajar kashe bairos mai leƙa wasiƙu. Gwada da hotspot na wayarka. Idan ya yi a can, to hanyar intanet ta ofis ce ta tare fot ɗin. Wani lokacin kuma Windows ne ke riƙe da tsohuwar kalmar yana ta turawa a ɓoye. Rufe Outlook, buɗe Credential Manager a Control Panel, goge abin da ya shafi wannan imel ɗin, sannan ka sake gwadawa. Kuma kada ka yi ta dannawa a jere, yawan gwaji na sa a dakatar da asusun na ɗan lokaci.

Ga masu karanta wannan da ba Gmail suke da shi ba: Yahoo ma tun 2020 yake buƙatar irin waɗannan haruffan na musamman a tsofaffin manhajoji, ana ciro su a Account Security. Hotmail da Outlook.com sun fi tsauri, daga 16 ga Satumban 2024 tsohuwar hanyar ta mutu gaba ɗaya, sai manhajar da ta iya OAuth2, kuma sai ka kunna IMAP a saitin asusun ta burauza. Imel ɗin kamfani mai sunan kamfanin a bayan @ kuwa, nemi saitin daga wanda ke riƙe muku shafin intanet, kada ka yi kirdado.

Idan ka bi duk wannan bai yi ba, turo hoton saƙon kuskuren tare da wane Windows kake amfani da shi, domin Windows 7 na da nasa ciwon daban na tsarin tsaron haɗi TLS 1.2 da sai an saka masa sabuntawa. Ka rufe adireshinka a hoton, kuma duk wanda ya biyo ka ta inbox ya ce ka ba shi kalmar sirri ko lambar da aka turo maka a waya don ya gyara maka, kada ka ba shi.