Amsa ga ɗana game da al'adar yaran Aborijin da ke tsare a hannunsa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin an ɗaga ka zuwa shugaban sashe a gidan tsare yaran da kake aiki a arewacin Ostareliya. Ka ce kusan duk yaran da ke hannunka 'yan asalin ƙasar ne, wato Aborijin, kuma kana son sanin gurbin da ya kamata shugaba ya ba al'adarsu a wurin da doka ta ce kowa ɗaya ne. Ka kawo misalin yaron da ya nemi izinin zuwa jana'izar ubansa alhali fayil ɗinsa ya nuna mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, da wanda ba ya ɗaga ido ya dube ka, da wanda duk abin da aka faɗa masa sai ya ce "eh" sannan ya ƙi aikatawa, har wasu abokan aikinka suna cewa duk wayo ne.

Yaron jana'izar nan, a ganina, bai yi maka ƙarya ba. A tsarin dangantakar yawancin ƙabilun Aborijin, duk ɗan'uwan uba namiji uba ne, duk 'yar'uwar uwa uwa ce, 'ya'yansu kuma yayye ne da ƙanne. Wannan bai kamata ya zama maka baƙon abu ba, tunda ni da nake rubuto maka ba ni na haife ka ba, amma da "ɗana" na fara, kuma da wani bature zai duba takardar haihuwarka ya ce ka yi ƙarya ranar da ka ce babanka ya rubuto maka, da ka ji zafi. Zaman makoki a wurinsu kuwa wajibi ne mai nauyi. A ƙauyukan nesa yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kowane dangi da rawar da zai taka gwargwadon matsayinsa ga mamacin, wanda kuma bai halarta ba ana iya riƙe shi da abin shekara da shekaru. Yaron da aka hana zuwa yana ɗauke da baƙin cikin rashi, ga kuma fargabar abin da zai tarar ranar da ya koma gida, saboda haka kada ka yi mamaki in ka ga ya fasa taga a daren.

Akwai wani abu da ke biyo bayan mutuwa wanda zai same ka a wurin kiran suna da safe. A wurare da yawa ba a ambaton sunan mamaci har tsawon watanni ko shekaru, ba a kuma nuna hotonsa, masu suna irin nasa ma sai a sauya musu abin kira. 'Yan ƙabilar Warlpiri, alal misali, sukan kira irin wannan mutum Kumanjayi har lokacin ya wuce. To, ma'aikaci ya tsaya a bakin ƙofa da takarda a hannu, ya kira suna sau uku da ƙarfi, yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru, sai a rubuta cewa ya ƙi amsa kira. Wannan layi ɗaya zai shiga fayil, fayil zai je gaban alƙali ranar neman beli, alƙalin kuma bai taɓa ganin yaron ba sai ta cikin abin da ma'aikatanka suka rubuta. Haka maganar kallon ido take. A ƙauyuka da yawa ƙura wa babba ido rashin ladabi ne, shiru kafin amsa kuma alamar ana nazarin magana ce. Tun da kai ne kake sa hannu a rahotannin sashenka, kana da ikon mayar da takarda ka ce a rubuta abin da aka gani kawai, a bar fassara zuciyar yaro.

Batun "eh" kuwa kotunan can sun daɗe da saninsa. Tun a 1976 Mai shari'a Forster na babbar kotun Yankin Arewa na Ostareliya ya shimfiɗa ƙa'idojin da ake kira na Anunga, domin an lura cewa ɗan Aborijin yakan amsa wa mai iko da abin da yake zaton ana so a ji, ko don ladabi, ko don tsoro, ko don a ƙyale shi. Ƙa'idojin sun ce a kawo tafinta, a bar wanda ake tuhuma ya zauna da wani da ya amince da shi, a guji tambayar da ke ɗauke da amsarta, a kuma sa shi ya maimaita gargaɗin da aka yi masa da bakinsa. Da 'yan sanda aka yi maganar, amma ta dace da kai: idan ka bayyana wa yaro doka, kada ka ce "ka gane?", ka ce ya faɗa maka abin da ya ji. Turanci ga yara da yawa na yankinku harshe ne na biyu ko na uku, bayan Kriol ko Yolngu ko Arrernte ko Tiwi, kuma gwamnatin yankin tana da ofishin tafintoci na harsunan Aborijin wanda aka kafa don irin wannan buƙata.

Sai dai kada ka ɗora komai a kan al'ada, domin nan ma akwai zalunci. Ciwon kunne mai ruwa ya yi yawa ƙwarai a tsakanin yaran ƙauyukan Aborijin, kuma da yawa sukan girma da raunin ji ba tare da an taɓa gwada su ba. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan yara 99 a gidan tsare yara na Banksia Hill da ke Perth ya gano cewa kashi 89 cikin 100 suna da aƙalla tawaya ɗaya mai tsanani a aikin ƙwaƙwalwa, kashi 36 kuma suna da larurar da shan barasar uwa lokacin ciki ke jawowa, yawancinsu ba a taɓa gano musu ita ba kafin binciken. Yaron da ba ya amsawa yana iya yiwuwa kunya ce, yana iya yiwuwa bai ji ba, yana kuma iya yiwuwa ya ji amma umarni uku a jere sun fi ƙarfin riƙonsa. Wanda zai bambanta maka waɗannan shi ne likita a gefe guda, da dattijon garinsu a ɗaya gefen.

Nan ne nake so ka tsaya da kyau. Na lura a saƙonka kana jin cewa tunda mu ma muna da kunya da girmama manya da ɓoye sunan ɗan fari, ka riga ka fahimce su. Kama da wane ba ta wane. Kafin Turawan Ingila su sauka a 1788 akwai harsuna fiye da 250 a ƙasar, kuma abin da ya halatta ga Larrakia na Darwin ba lallai ya halatta ga Arrernte na Alice Springs ba. Akwai kuma yaran birni da aka raba kakanninsu da harshensu da ƙasarsu, waɗanda in ka matsa musu da tambayar al'ada sai ka kunyata su a gaban 'yan'uwansu. Baƙar fatarka za ta iya sa su sake da kai, amma makullin da ke rataye a ƙugunka na gwamnati ne, kuma suna da dogon tarihi da wannan makulli. Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970 hukumomi sun riƙa ƙwace yara daga iyayensu da sunan gyara su, abin da rahoton 1997 ya tona, har Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairu 2008. Tsohuwar da ke zuwa ziyarar jikanta a sashenka, mai yiwuwa ita ma a mota aka ɗauke ta tana yarinya. Yau yaran Aborijin da na tsibiran Torres kusan kashi 6 cikin 100 ne na 'yan shekara 10 zuwa 17 a ƙasar, amma sun haura rabin waɗanda ke kwana a tsare, a Yankin Arewa ma sun wuce kashi 90, kuma mafi yawansu jiran shari'a suke yi.

Saboda haka amsata ita ce, al'adar ba a hannunka take ba, kuma ba aikinka ba ne ka yanke hukunci a cikinta. Masu ita suna nan, dattawan da yaran ke kira kawu da gwaggo ko da babu jini a tsakani. Aikinka shi ne ka buɗe musu ƙofa, ka sa maganarsu ta yi tasiri a kan abin da ake zartarwa. Zanen ɗigo-ɗigo a bango da bikin tura hayaƙi sau ɗaya a shekara ba su da laifi, amma ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne wa ake tuntuɓa kafin a haɗa yara biyu a ɗaki ɗaya alhali akwai gaba tsakanin gidajensu, wa ake kira idan labarin rasuwa ya zo da tsakar dare, ana biyan dattijon da ya bar garinsa ya zo kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre ko kuwa shayi kawai ake ba shi, kuma ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci, zaman dattawa ne ake fara sokewa a kulle yara a ɗaki? Wannan kullewa ba ƙaramin abu ba ce; babbar kotun Ostareliya ta Yamma ta ce ta saɓa wa doka a Banksia Hill a 2022, ta sake faɗa a 2023, a watan Oktoban shekarar kuma wani yaro ɗan shekara 16 da aka ajiye a sashen yara na kurkukun manya na Casuarina ya rasa ransa. Abin da aka nuna a talabijin na ABC a Yulin 2016, na barkonon tsohuwar da aka harba wa yara a gidan tsare yara na Don Dale da ke Darwin a Yankin Arewa, da yaron da aka ɗaure a kujera an rufe masa kai, shi ya sa aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin Margaret White da Mick Gooda, wadda a Nuwamban 2017 ta nemi a rufe gidan a kuma ɗaga shekarun ɗaukar laifi daga 10 zuwa 12. An ɗaga a 2023, sabuwar gwamnati ta mayar da shi 10 a 2024. Siyasa takan juya haka, kuma kai ba ka da iko a kanta, amma jadawalin sashenka a hannunka yake.

Abokan aikinka da ke tsoron kada wannan ya zama sassauci, ka ba su labarin kotunan Koori, wato kotunan 'yan Aborijin na jihar Victoria, inda tun 2005 ake da ta yara. Yaro ba ya shiga sai ya amsa laifinsa, sannan ya zauna a teburi ɗaya da alƙali da dattawan al'ummarsa, su faɗa masa a fuska abin da ya jawo wa gidansu. Alƙali ne dai ke yanke hukunci. Waɗanda yaran nan suka cuta sau da yawa 'yan'uwansu ne Aborijin, kuma dattawan sun fi kowa sanin haka. A garin Bourke na jihar New South Wales, inda majalisar ƙabilun garin ta ja ragamar shirin rage laifuffuka mai suna Maranguka, ƙididdigar da kamfanin KPMG ya fitar a 2018 ta nuna tuhume-tuhume a manyan rukunoni biyar na laifuffukan yara sun ragu da kashi 38 cikin 100 a shekara guda. Inda al'ada ta zo da ramuwar gayya ta jiki kuwa, a nan doka ce gaba, kuma dattijo na gari zai taimake ka ka kare yaron.

Abu biyu kuma ka kiyaye. Yaron da aka yi wa bikin shiga sahun maza, ko shekararsa 14, a garinsu namiji ne cikakke, kuma abin da aka yi a bikin sirri ne da bai halatta ka tambaya ba. Kiransa "yaro" a gaban jama'a ko sa mace ta caje shi tozartawa ce da za a iya kauce mata da ɗan gyaran jadawali. Ma'aikatanka 'yan Aborijin kuma kada ka mai da su tafinta da mai sulhu da mai ba da haƙuri duk a kan albashi ɗaya, kada kuma ka tura mutum ya danne wanda a lissafin dangi ɗansa ne, domin da yamma unguwa ɗaya zai koma da uwar yaron.

Game da jana'izar, in lokaci bai ƙure ba, ka nemi jami'in hulɗa da al'ummar Aborijin na gidanku ya kira dangin ya tabbatar da matsayin mamacin ga yaron, ka rubuta hakan a takardar neman izinin da kalmomin da manyanka za su gane, ka kuma nemi rakiyar da ba za ta tsayar da shi da ankwa a gaban makoki ba. In an hana, kai da kanka za ka faɗa masa, a zaune, da dattijo a gefenka, a ba shi waya ya yi magana da gida, a kuma sa masa ido sosai a kwanakin da za su biyo baya.

Baffanka.