Jama'a Sun Sauke Manhajarmu, Amma Ba Sa Dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina mun shafe wata takwas muna haɗa manhajar waya da 'yan kasuwa za su riƙa rubuta ciniki da bashi a ciki. Mun ɗora ta a Play Store, mun yi talla a Facebook, jama'a sun sauke, amma bayan mako guda kusan kowa ya daina buɗewa. Mu ƙara kuɗin talla ne? (Daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ku ƙara ko kwabo a talla tukuna. Tallata manhajar da ba ta riƙe mutane ɗiban ruwa ne da kwando.

Matsalar ta faro ne tun a wata takwas ɗin da kuka yi kuna gini kafin ku tabbatar akwai mai buƙata. A 1999, Nick Swinmurn da ya kafa Zappos, kamfanin sayar da takalma ta intanet a Amurka, bai fara da gina rumbun kaya ba. Shagunan takalma ya riƙa shiga yana ɗaukar hoto yana sawa a intanet. In an yi oda sai ya je ya sayo ya aika. Da haka ya gane mutane za su sayi takalmi ba tare da sun gwada ba.

Ku ma ku shiga Kantin Kwari ko Singa, ku zauna da 'yan kasuwa goma sha biyar zuwa ashirin. Kada ku ce "Alhaji, za ka yi amfani da wannan?" Bahaushe yana da kara, zai ce "madalla, Allah ya sa albarka", kuma ba zai sake buɗewa ba. Ku tambayi abin da ya riga ya faru: yaushe rabon da bashi ya ɓace masa? Nawa ne? A ina ya rubuta? Ku roƙi ya nuna muku littafin.

Wannan littafin shi ne abokin gasarku na gaskiya. Yaron shago yana jawo shi daga ƙarƙashin kanta, ya zaro biro daga bayan kunne, ya rubuta suna da kuɗi kafin mai saye ya gama ƙirga canji. Ku ƙirga sau nawa ake taɓa fuskar waya kafin a rubuta bashi ɗaya a manhajarku. In ya wuce huɗu ko biyar, ko kuma sai an ba da imel da kalmar sirri kafin a ga komai, littafi ya ci ku. Sannan ku gwada ta a ƙaramar Itel ko Tecno mai RAM 2GB, a tsakiyar kasuwa inda sabis ke ɗaukewa. Dole ta ajiye bayanai a kan wayar, ta tura su daga baya in data ta dawo.

Yawan saukewa ba ma'auni ba ne. Ku haɗa Firebase Analytics, kayan aikin Google da ke ƙirga abin da mutane ke yi a cikin manhaja, kyauta ne, ku duba waɗanda suka sauke a mako guda: mutum nawa suka rubuta bashi washegari, nawa a rana ta 7, nawa a rana ta 30. In adadin ya sauka ya tsaya a wani mataki, akwai waɗanda abin ya yi wa amfani, su za ku nema ku ji dalili. In yana ta gangarowa zuwa sifili, gyara ake buƙata daga tushe. Akwai kuma gwajin Sean Ellis, wani masanin bunƙasa sababbin kamfanoni: ku tambayi masu amfani yadda za su ji in manhajar ta ɓace. In kashi 40 cikin ɗari suka ce abin zai dame su ƙwarai, kun kama hanya.

Ku kuma rage buri. "Duk 'yan kasuwa" ba kasuwa ba ce. Dillalin atamfa da mai shagon unguwa ba bashi iri ɗaya suke bayarwa ba. Instagram ma a 2010 daga wata manhaja mai tarkace da yawa, Burbn, aka tsame ta, aka bar hoto kawai.

Tambaya: Malam, ina tsoron in nuna wa mutane dabarata a sace min. Yaya zan yi? (Daga Maraɗi)

Amsa: 'Yar'uwa, haɗarin da ya fi kusa da ke shi ne ki gama gini a ɓoye ki tarar ba mai so. Ki riƙe rubutun da aka gina manhajar da shi (code) a ma'ajiyar sirri ta GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu, amma ki nuna abin da take yi. Ki fara yi wa mutum goma hidimar da hannu ta WhatsApp, ki faɗi farashi tun ranar farko, ki rubuta mutum nawa suka biya, nawa kuma suka sake biya a wata na biyu.